Idan Noti Ya Karye A Cikin Raminsa

Ɗana, kai da ka fara riƙe sifana a garejojin unguwar Marjandafak ta Injamena, da ke 'yata da kika zaɓi wannan sana'a duk da surutun mutane, akwai wata rana da ke jiran kowannenku. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin magana, amma har da ke nake. Za ka ɗora sifana mai lamba 10 a kan wani ɗan ƙaramin noti, ka ja, sai ka ji hannunka ya tafi sakayau, babu turjiya. Ka duba ka ga kan notin a bakin sifana, sauran jikinsa kuwa yana can cikin rami. Duk wanda ya daɗe a kanikanci ya ga wannan rana, don haka ba zan ɓata maka lokaci da cewa kada ka bari ta zo ba. Maganata a kan abin da za ka yi ne bayan ta zo.

A daidai lokacin da notin ya karye, asarar da aka yi ba ta kai kuɗin kofin shayi ba. Noti shi ne mafi arahar abin da ke jikin inji, tsibi-tsibi ake kasa shi a bakin kasuwa. To ramin da ya karye a ciki fa? Yana jikin kan silinda ne, ko akwatin giya, ko murfin injin babur, su kuwa waɗannan ba a kasa su tsibi-tsibi. Ka san Cadi ba ta da bakin teku. Kayan gyara ko dai su sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala su yi tafiyar fiye da kilomita 1,500 a kan titi, ko su biyo ta Maiduguri da Gamboru da Fotokol su iso Kusuri, sannan su tsallako gadar Ngeli su shigo Injamena. Kowane zango suka yi sai kuɗinsu ya ƙaru. In ka lalata rami ɗaya a kan silindar tsohuwar Hilux, mai motar yana iya yin makonni yana jiran wani, motar da yake ci da iyalinsa da ita tana kwance cikin rana. Saboda haka ramin da haƙoransa su ne abin ceto. Guntun da ke ciki ya riga ya zama shara. Kamar ƙaya ce ta karye a tafin ƙafa: wanda ya yayyanka ƙafar da reza har ya zaƙulo ƙayar, ya bar mai ita yana ɗingishi wata guda, bai yi gwaninta ba.

Na daɗe ina lura da cewa mafi yawan ɓarnar ba a lokacin karyewar take faruwa ba, sai a ɗan lokacin da ke biyo baya. Yaro ya waiga ya ga maigida yana can yana ciniki da wani, gabansa na faɗuwa, sai ya ce bari ya gyara kafin a gani. Ya ɗauko ƙusa da guduma ya hau sassaƙa, ko ya jawo injin huda ya danna ba saiti. Kafin maigida ya juyo, ramin da yake zagayayye ya zama mai kama da ƙwai, haƙoransa na gefe ɗaya sun tafi. Garin neman gira an rasa ido. Ba wauta ce ke sa yaro yin haka ba, kunya ce da tsoro, kuma ban ga laifin mai jin kunya ba. Sai dai ka san hannun da ke rawa ba ya huda daidai. Ka ajiye sifanar a ƙasa, ka je randa ka sha ruwa, sannan ka je ka ce, "Maigida, noti ya karye a hannuna." Zai yi faɗa, wataƙila har ya ambaci wanda ya kawo ka koyo. Faɗan ba zai kai la'asar ba. Amma in ya tarar ka ɓoye masa, kuma ka ƙara ɓarna a kai, ya daina barinka kai kaɗai a kan inji, wannan kuwa ya fi faɗa ciwo ga mai son koyo.

Tambayar da gogaggen bakanike zai fara yi maka ita ce, "Kana ɗaurewa ne ya karye, ko kana kwancewa?" Kada ka ɗauka neman laifinka yake. Amsar ce ke nuna irin aikin da ke gabanku. Notin da ya karye wajen ɗaurewa, galibi guntunsa ba a kame yake ba. Abin da ke riƙe noti shi ne jan da ke tsakanin kansa da haƙoransa, da kan ya ɓalle kuwa jan ya tafi. Irin wannan guntu sau da yawa tsinin ƙaramin ƙarfe ya ishe shi: ka kafa tsinin a gefen guntun, ka riƙa bubbuga shi a hankali zuwa hagu, sai ka ga ya fara juyawa har ka kama shi da yatsa. Na ga an ɗauko injin huda a kan guntun da farce ma zai iya fitar da shi. Wanda ya karye wajen kwancewa kuwa labarinsa dabam ne. Tsatsa ta riƙe shi da ƙarfin da ya fi ƙarfin jikinsa, shi ya sa ya gwammace ya tsinke a kan ya motsa. Akwai kuma na uku, wanda aka sa noti mai tsawo a gajeren rami, ko ramin na cike da ƙasa da baƙin mai, ƙarshen notin ya tokare ƙasan rami, aka ci gaba da ja. Shi ma a kame yake, ko da sabo ne fil.

Bari in ba ka lissafin da ba kasafai ake koya wa yara ba. Wannan noti mai kan lamba 10, kaurin jikinsa milimita 6 ne, a littattafan gyara M6 ake rubuta shi. In ka goge kansa za ka ga lamba, mafi yawa 8.8, wani lokaci 10.9 ko 12.9, ita ce ke nuna ƙarfin ƙarfen. M6 mai 8.8 ana ɗaure shi ne da ƙarfin da bai wuce 10 ba a ma'aunin Nm. Ma'anar wannan a hannunka ita ce nauyin kilo 5 kacal a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 20. M8 kuwa, mai kan lamba 12 ko 13, wajen 25 yake so. Yanzu ka duba saurayi mai jini a jika da ya zura bututu mai tsawon mita guda a jikin sifana ya ɗora nauyin kilo 20. Ya ba notin 200, ninki ashirin na abin da M6 ke so. Da notin zai yi magana da ya yi kuka tun kafin ya tsinke. Yana ma yi, da hannu ake jinsa: kafin noti ya karye akwai lokacin da turjiyarsa ke daina ƙaruwa, ka ji ya yi laushi alhali kana ci gaba da juyawa. Da ka ji wannan laushin ka tsaya, ka kwance shi, ka jefar.

Shi kuwa wanda tsatsa ta kama, maganinsa na farko ba ya buƙatar ƙarfi ko kaɗan. Garinmu yana da ƙura a lokacin hunturu, da zafin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, da ruwan da ke kwanciya a tituna da damina. Bayan ambaliyar 2022, lokacin da kogunan Shari da Logon suka cika suka shiga unguwanni irin su Waliya, motoci da babura da injinan ban-ruwa da yawa sun kwana cikin ruwa, notinansu kuwa ba su manta ba. Inda notin ƙarfe ya shiga jikin alminiyam abin ya fi muni, don in danshi ya ratsa tsakaninsu wani farin gari yakan taru ya cika haƙoran ya ɗaure su tamau. Ka share bakin ramin da burushin waya, ka fesa man kwance tsatsa, in babu ka ɗiga kananzir da aka gauraya da ɗan man giya. Ka ɗora ƙarfe a kan guntun ka ba shi 'yan bugu tsaka-tsaki da guduma don tsatsar ta tsattsage man ya sami hanya. Daga nan sai ka tafi wani aikin. In da hali a bar shi ya kwana, kana ƙara man lokaci-lokaci. Mai babur ɗin haya, wato kilando, zai tsaya a kanka yana cewa fasinja na wuce shi, kuma gaskiyarsa, kuɗin cefanen yau ne ke wucewa. Ka gaya masa da ladabi cewa jiran dare ɗaya ya fi masa arha a kan sabon kan silinda. Sannu ba ta hana zuwa.

In guntun ya leƙo waje ko da milimita uku ko huɗu ne, ka gode wa Allah, kuma kada ka yi wasa da wannan ɗan tsawon, shi ne jarinka. Filaya ta yau da kullum ba abin da za ta yi sai ta cinye shi ta bar maka sulɓi. Ka sa magagari ka fere gefe biyu su yi shafal, sannan ka kama da filaya mai kulle, ka matse ta iya matsewa. Ko kuma ka tsaga kan guntun da zarto ka sa sukudireba mai faɗin baki. Kada ka fizge shi hagu gaba ɗaya. Ka ɗan juya dama kamar za ka ƙara ɗaure shi, ka dawo hagu, ka koma dama, kana ƙara mai. Motsin farko ɗan kaɗan ne, da ƙyar ido ke ganinsa, amma da ya samu aiki ya ƙare, saura haƙuri.

Wuta tana taimakawa, in an san inda ake sa ta. Jikin da ke kewaye da ramin ake gasawa don ya buɗe ya saki guntun. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke yi, shi ya sa wannan dabara ke ci sosai a injin babur. Amma a nan akwai tarko. Ƙarfe yana yin ja ya gargaɗe ka, alminiyam ba ya yin ja. Yana nan da launinsa har ya kai wajen digiri 660, sai kawai ka ga ya zube. Ka riƙa yawo da harshen wutar, kada ka tsayar da shi wuri ɗaya. In masana'anta sun shafa wa notin jan gam ɗin nan na kulle haƙori, ba ya saki sai zafi ya kai wajen digiri 250. Kafin ka kunna kowace wuta kuma, ka dubi inda tanki yake, da tiyon fetur, da kwalbar fetur ɗin da wani ya sayo a bakin titi ya ajiye a gindin benci. Ƙunar fetur ba ta jiran a ce yi haƙuri.

A ganina babu dabarar da ta kai ta walda, kuma ina mamakin yadda yara ke tsallake ta su tafi ga injin huda. Unguwar nan ba ta rasa masu walda ba. Ana ɗora washa a kan guntun, ramin washar daidai da kaurinsa, mai walda ya ɗiga wuta a tsakiya ya haɗe su. Sannan a ɗora macen noti a kan washar a cike cikinta da walda. Ka ga guntun ya sami sabon kai ke nan. Ribar biyu ce: ga wurin kama sifana, ga zafin da ya ratsa guntun ya kumbura shi, da ya huce ya tsuke ya rabu da tsatsar. Kada ka sa sifana yana ja, ka bari ya huce. In sabon kan ya ɓalle, a sake, kowane zagaye yana ƙara sassauta shi. Waldar ƙarfe ba ta kama alminiyam, don haka ramin yana cikin aminci. In jikin na baƙin ƙarfe ne sai an ƙara kula, don nan tana iya kamawa. Ka cire wayar batir kafin a fara, musamman a motocin zamani masu ƙwaƙwalwa, kuma a maƙala ɗaya wayar waldar kusa da wurin aikin don kada wuta ta bi ta cikin boris ta ƙona shi. Kai kuma da ke riƙe macen notin da filaya, ka kawar da fuskarka. Wanda ya taɓa kwana da zafin hasken walda a ido ba sai an gaya masa ba.

Sai in duk waɗannan sun gagara, ko guntun ya karye can ƙasa inda walda ba ta kaiwa, sannan a zo ga huda. A nan nake so ka nutsu, don nan ne ramuka ke mutuwa. Fuskar guntun da ya karye ba ta taɓa zama shafal, tana da tudu da gangare, bakin injin huda kuwa gangare yake bi. In jikin alminiyam ne, bakin zai zame daga ƙarfe mai tauri ya faɗa cikin mai taushi, cikin ƙiftawar ido ya ci haƙoran. Don haka ka fara daidaita fuskar in hannu na kaiwa. Ka ɗauki fanci, ka sa tsininsa a tsakiyar guntun, ka yi bugu ɗaya mara ƙarfi. Ka sunkuya ka duba ɗigon daga gaba, ka duba daga gefe. In ya kauce, ka karkatar da fancin ka kora ɗigon zuwa tsakiya, sannan ka miƙar da shi ka yi bugu mai ƙarfi. Minti goman da ka ɓata a kan wannan ɗigo su ne aikin. In guntun yana can ƙasa, ka nemi ɗan bututu da ya cika ramin daidai, ka zura bakin hudar ta cikinsa, shi zai riƙe maka tsakiya. Ka fara da siririn baki, milimita 2 ko 2.5. Ka auna zurfin wani rami ɗan'uwansa ka naɗa salatif a jikin bakin don ka san inda za ka tsaya, saboda bayan ƙasan wasu ramukan hanyar ruwa ce ko ta mai, in ka ɓula ta ka buɗe wata sabuwar shari'a. Ka sa ɗan'uwanka ya tsuguna a gefe ya riƙa gaya maka in hannunka ya karkata. A hankali ake juya injin, ana ɗiga mai, ana fitar da bakin ana share gari. Kada ka hura garin da bakinka, idonka yana kusa.

Akwai bakin huda da ake ƙerawa yana ci ta hagu. In ka ci karo da shi a kasuwa ka saya ko da ka rage na abincin rana. Yayin da yake huda yana tura guntun ne ta hanyar fita, ga zafi ga girgiza, sau da yawa kafin ka kai rabi sai ka ga guntun ya biyo bakin ya fito da kansa.

Yanzu ga abin da na fi jin tsoro a hannun yaro: macirin noti, ɗan ƙarfen nan mai tsini da murɗaɗɗen jiki da ake sayarwa biyar ko shida a ƙaramin akwati. Hoton da ke jikin akwatin yana nuna abin kamar wasa. Abin da hoton bai nuna ba shi ne, an ƙera macirin da ƙarfe mai tsananin tauri don ya iya cizon noti, ƙarfe mai irin wannan tauri kuwa ba ya lanƙwasa, tsinkewa yake yi farat ɗaya. Ga shi kuma tsininsa yana buɗa guntun daga ciki yayin da kake murɗawa, ya ƙara matse shi a jikin rami. A kan guntun da ba a kame yake ba yana aiki lafiya. A kan wanda tsatsa ta riƙe har cikakken noti mai milimita 6 ya tsinke, me zai sa ka zaci siririn ƙarfe mai milimita 3 zai yi nasara? In ya karye a ciki, bakin huda na yau da kullum ba ya cinsa, sai dai ya yi ta ƙara yana hayaƙi. Sai an nemo baki na musamman mai tsananin tauri, ko na'urar da ke cin ƙarfe da tartsatsin lantarki, su kuwa ba a kowane gareji suke ba. In har za ka yi amfani da maciri, ka kama shi da mariƙi mai hannu biyu don ƙarfin ya daidaita, kada ka sa sifana ta gefe ɗaya. Da ka ji yana murɗuwa a hannunka guntun bai motsa ba, ka janye shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Hanyar da ta fi wannan aminci ita ce ka ci gaba da faɗaɗa hudar kaɗan-kaɗan, in dai a tsakiya take. Iyakarka a M6 milimita 5 ce, a M8 kuwa 6.8, a M5 4.2. In ka kai nan, abin da ya saura na notin siririn zare ne kwance cikin haƙoran ramin, sai ka sa tsinin allura mai kauri ka ɗago bakinsa ka warware shi. Daga nan ka bi ramin da taf, wato ƙarfen yanka haƙori, da mai a jikinsa, rabin juyi gaba, kwata baya. Taf ma mai tauri ne kamar maciri, kada ka tilasta shi.

Kafin ka sa taf ko sabon noti, ka tabbatar da irin haƙorin. Tun 1841 wani injiniyan Ingila, Joseph Whitworth, ya kawo tsarin daidaita haƙoran noti, amma har yau duniya ba ta taru a kan tsari ɗaya ba, kuma duk tsare-tsaren sun hallara a garejojinmu. Motocin Japan da baburan Sin da Indiya na milimita ne. Injinan Amurka da yawa na inci ne. Tsofaffin Peugeot suna da M7 mai kan lamba 11 wanda ba kasafai ake ganinsa a wasu motoci ba. Noti mai kaurin 5/16 na inci da M8 ido ba ya raba su, bambancin kaurinsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, amma tazarar haƙoransu ta bambanta. In ka sa ɗaya a ramin ɗayan, zai shiga juyi biyu ko uku lafiya, sannan ya cije. Yaro ya ce tsatsa ce, ya ɗauko sifana, gobe a dawo kan maganar da muka fara. Ko a cikin na milimita, M10 akwai mai tazarar 1.5 akwai mai 1.25. Ka haɗa tsohon noti da sabo haƙori cikin haƙori ka ɗaga su sama: in haske na ratsawa tsakaninsu, ba 'yan gida ɗaya ba ne.

Kada ka ce wannan ƙaramin abu ne. Ranar 10 ga Yuni 1990 wani jirgin British Airways ya tashi daga Birmingham zai tafi Malaga ta ƙasar Sifen. Yana tsakiyar hawa, ya haura ƙafa 17,000, sai gilashin gaban matuƙi ya fice, iska ta zuƙi matuƙin, Tim Lancaster, har rabin jikinsa ya fita waje. Ma'aikatan jirgin suka riƙe ƙafafunsa har mataimakinsa ya sauke jirgin a Southampton, kuma Allah ya yi da sauran kwanansa, ya rayu. Da aka yi bincike sai aka gano cewa daga cikin notina 90 da aka ɗaure gilashin da su, 84 sun gaza kaurin da ake buƙata da milimita 0.66, sauran 6 kuma sun gaza tsawo. Wanda ya yi aikin gogagge ne mai shekaru a sana'a, da ido ya gwada su da tsofaffin cikin dare, bai duba littafi ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kai ba jirgi kake gyarawa ba, amma notin birkin babur ɗin da zai ɗauki mace da goyo ya ratsa cunkoson Babbar Kasuwa, rai ne a kansa shi ma.

To in haƙoran sun riga sun tafi fa? Ba ƙarshen duniya ba ne. Akwai zaren ƙarfe murɗaɗɗe da aka fi sani da Heli-Coil, wanda aka ƙirƙiro wajen ƙarshen shekarun 1930 saboda injinan jiragen sama na alminiyam. Ana faɗaɗa ramin kaɗan, a yanka sabon haƙori da taf ɗinsa na musamman, a murɗa zaren a ciki, sai notin asali ya koma mazauninsa. In an yi shi da kyau a jikin alminiyam yakan fi haƙorin farko ƙarko. In babu shi, kuma jikin yana da kauri, ana iya ƙara girman ramin zuwa noti na gaba. Abin da ba na so in gani a hannunka shi ne naɗa wa noti zaren buhu ko waya, ko cusa gam a rami, ko mafi muni, manna karyayyen kan a wurinsa don a ga kamar yana nan. Murfin da aka yi wa noti huɗu, uku ba sa riƙe shi daidai. Mai zai riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan, direba bai sani ba, har injin ya kama a wani daji bayan Masaget inda babu inuwa balle bakanike. Kuma zai tuna garejin da ya fito. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a Marjandafak kuwa labari ba ya kwana bai zaga majalisun shayi ba. Ka gaya wa mai abin hawa gaskiya: ga abin da ya faru, ga yadda aka gyara, ga abin da zai riƙa dubawa. Mutane sukan yafe karyewar noti fiye da yadda kake zato.

Ga wata dabara ta masu gyaran agogo, ka ajiye ta don ƙananan abubuwa irin su jikin kafireto. Alif ɗin nan da ake tace ruwa da shi, in aka narkar da shi da yawa a ruwan zafi, yana cinye ƙarfe sannu a hankali ya bar alminiyam da tagulla. Ana jiƙa abin a kwanon da ba na ƙarfe ba, a riƙe ruwan da zafi, a jira, wani lokaci yini, wani lokaci kwanaki. Har karyayyen taf yana ci. Sai dai ka fara cire duk wani ƙarfen da kake so a jikin abin, don alif bai san wanda kake so da wanda ba ka so ba.

Sauran kuwa ɗabi'u ne da hannu ke sabawa da su. Kowane noti ka fara shigar da shi da yatsu, juyi uku ko huɗu, kafin sifana ta taɓa shi. Ka share rami kafin ka mayar da noti. In kana kwance murfin da notinansa suka bambanta tsawo, ka zana siffar murfin a jikin kwali ka soke kowane noti a mazauninsa, maimakon ka zube su cikin gwangwani ɗaya. Notin salansa ka shafa masa giris mai jure zafi saboda wanda zai kwance shi baɗi, amma ka tuna noti mai maiƙo yana ɗauruwa da ƙarfin da bai kai na busasshe ba, sai ka rage hannu. Notin da babu lamba a kansa kada ya kusanci birki ko sitiyari, komai arharsa. In Allah ya buɗa maka ka fara tara kayan aikinka, sifana mai ma'auni ta riga sabuwar waya.

Wani lokaci kuma aikin ya fi ƙarfin garejinku, musamman in ramin na kusa da mazaunin bawul ne, ko hudar ta riga ta kauce. Ka kwance abin gaba ɗaya ka kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe. Injin hudarsa a tsaye yake, ba ya karkata kamar hannu. Ka tafi da safe tun da sauran wutar lantarki, ka riƙe noti ɗaya lafiyayye ɗan'uwan wanda ya karye don ya auna. Ka gaya masa duk abin da aka riga aka yi wa ramin, musamman in akwai guntun maciri ko na taf a ciki, don kada ya karya bakinsa mai tsada a kai ya ƙara maka kuɗi. In ya yarda ka tsaya, ka tsaya kusa ka ga yadda yake ɗaure aikin a kan teburin injin da yadda yake nemo tsakiyar rami, ka tambaye shi lambar kowane bakin da ya ɗauka, ka rubuta.